Dalilan da ke sa na'urorin gida na zamani kunna kansu ko kashe kansu, da yadda ake gano matsalar a arewacin Ghana

A garuruwan Zebilla da Bawku da Yendi da Salaga, kamar sauran garuruwan yankin, ana ƙara samun gidaje da shaguna masu amfani da na'urorin da ake sarrafawa ta wayar salula. Akwai ƙwan fitila mai Wi-Fi, da soket ɗin da ake kunnawa daga nesa, da makunnin injin jan ruwa, da kyamarar tsaro, da fitilar ƙofar gida mai kama wa da kanta idan mutum ya gifta. Wasu ana sayo su a Tamale ko Kumasi, wasu kuma 'yan uwa ne da ke zaune a Accra ko Turai ko Amurka ke aikowa gida.

Ƙorafin da aka fi ji a kansu shi ne suna yin abin da ba a sa su ba. Fitila ta kama da tsakar dare, fanka ta tsaya ana tsakiyar barci, injin ruwa ya tashi babu kowa a gida. Abin ba na wasa ba ne, domin injin da ya yi ta juyawa babu ruwa yana ƙonewa, firjin da ya mutu na lalata abinci da magani, kuɗin da aka sa a mita kuma yana ƙarewa a banza. A wasu gidajen har zargi kan shiga tsakani, a ce yara ne ko maƙwabci, wasu ma su kai maganar ga aljanu.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Duk lokacin da irin wannan na'ura ta kunnu ko ta mutu, ɗaya daga cikin abubuwa huɗu ne ya faru: wutar da ke shiga cikinta ta motsa, ko wani umarni da aka ajiye mata ya cika lokacinsa, ko idonta ya ga wani abu, ko kuma wani mutum ya taɓa ta daga kusa ko daga nesa. A arewacin Ghana, wutar lantarki ce ya kamata a fara tuhuma.

Abin da ke cikin na'urar

Soket ko makunni na zamani yana ɗauke da 'yar ƙaramar kwamfuta da ke magana da Wi-Fi, da kuma wani ɗan ƙarfe da ake kira rile, wanda ke haɗa wuta ko ya raba ta. Ƙarar "ƙas" da ake ji idan na'urar ta kunnu, ƙarar rilen ce. Idan mutum ya danna maɓalli a wayarsa, saƙon yakan bi ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfanin da ya ƙera na'urar, waɗanda ke wata ƙasa, kafin ya dawo cikin gidan. Yawancin na'urori masu araha a kasuwannin Afirka ta Yamma suna aiki ne da manhajar Smart Life ko Tuya, ta kamfanin Tuya da ke birnin Hangzhou na China, ko kuma eWeLink da ake sarrafa kayan Sonoff da ita.

Wannan tsari na nufin na'urar ta dogara da wuta mai kyau, da intanet, da agogo mai daidai. Da zarar ɗaya ya samu tangarɗa, sai ta yi abin da mai gida bai zata ba.

Inda ake fara dubawa

Kafin a kwance komai, a buɗe manhajar a duba tarihin aikin na'urar. Yawancin manhajojin suna rubuta lokacin da ta kunnu da lokacin da ta mutu, wasu har suna nuna ko jadawali ne ya ba da umarnin, ko wani mai amfani da asusun, ko an danna maɓallin jikinta da hannu.

Yana da kyau a samu takarda a riƙa rubuta ranar da abin ya faru da lokacin, na tsawon mako guda, tare da abin da ke faruwa a unguwar a daidai wannan lokaci. Idan kullum ƙarfe ɗaya ne, misali 2:00 na dare daidai, jadawali ne. Idan yana zuwa ne bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, daga wutar ne. Idan ya fi faruwa da zafin rana ko lokacin da aka kunna kaya masu jan wuta, nauyi ne ko zafi. Idan kuma tarihin bai nuna komai ba sai cewa na'urar ta ɓace daga intanet ta dawo, alama ce ta cewa ta mutu gaba ɗaya ta sake tashi.

Ɗaukewar wuta da dawowarta

Kamfanin NEDCo ne ke rarraba wuta a arewacin Ghana. Reshe ne na hukumar VRA, wadda ta kafa sashen kula da arewa tun 1987. Mafi yawan wutar da ke isa Zebilla da Bawku a yankin Upper East, da Yendi a yankin Northern, da Salaga a yankin Savannah, tana tasowa ne daga nesa: madatsar Akosombo da aka kammala a 1965, da madatsar Bui ta 2013, da tashoshin gas na bakin teku a Tema da Aboadze. Layukan kamfanin GRIDCo ne ke ɗauko ta tsawon ɗaruruwan kilomita. Bayan ta iso, sai ta sake bin dogayen layuka zuwa ƙauyuka, inda iskar farkon damina da tsawa da rassan itatuwa ke yawan katse ta. Mutanen Ghana ba su manta da shekarun dumsor ba, musamman daga 2012 zuwa 2016, kuma har yanzu ɗaukewar wuta ta 'yan mintoci ko 'yan daƙiƙoƙi ba baƙon abu ba ne.

Ga yadda hakan ke shafar na'urorin. Kowace daga cikinsu tana da halin da take komawa idan wuta ta dawo. Ƙwayayen fitila masu Wi-Fi da yawa an ƙera su ne su kama da cikakken haske da zarar wuta ta shigo, domin a iya kunna su da makunnin bango kamar kowace fitila. Saboda haka idan NEDCo ta ɗauke wuta da ƙarfe ɗayan dare ta dawo da ita bayan minti biyu, duk fitilun da aka kashe ta waya za su kama a lokaci guda. Wasu soket kuma akasin haka ne: suna dawowa a kashe, sai a wayi gari firji ya huce.

Ana gyara wannan a cikin manhaja. A eWeLink sunan wurin "Power-on State", a Smart Life kuma galibi "Relay Status". Zaɓi uku ake bayarwa: a kunne, a kashe, ko ta tuna halin da take ciki kafin wuta ta tafi. Kamfanin da ke yin fitilun Philips Hue ma ya ƙara irin wannan zaɓi a 2018 bayan koke-koken masu saye. Ga firji, a zaɓi ya dawo a kunne. Ga fitilun ɗakin kwana, a zaɓi tuna halin baya. Injin jan ruwa da duk abin da ke yin zafi kuwa, a bar su a kashe har sai mutum ya kunna da kansa.

Akwai wata matsala ta daban da ke zuwa idan wuta tana ƙiftawa. Fitilu da yawa masu amfani da Tuya ana mayar da su sababbi ne ta hanyar kunnawa da kashewa sau uku a jere. Idan wutar unguwa ta tafi ta dawo sau da yawa cikin ɗan lokaci, fitilar na iya ɗaukar hakan a matsayin umarni, sai ta fara ƙyaftawa da sauri ta ɓace daga manhaja. Ba ta lalace ba, sake haɗa ta da wayar kawai ake yi.

Raunin wuta da hawanta

Ƙa'idar wutar gida a Ghana bolt 230 ce, kusan daidai da ta Najeriya da Nijar da Burkina Faso da Togo. Amma da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa, gidajen da ke nesa da taransifoma kan samu wuta mai rauni. Idan ta yi ƙasa sosai, ko ta faɗi na ɗan lokaci sa'ad da babban inji ya tashi a kusa, kamar injin niƙa ko na walda, 'yar kwamfutar da ke cikin soket na iya mutuwa ta sake tashi, rile kuma ya saki. Soket masu auna wuta suna nuna yawan bolt a manhaja, kuma wasunsu suna yanke wuta da gangan idan ta wuce iyakar da aka sa musu.

Wata alama tana buƙatar gaggawa. Idan fitilun wani ɗaki suna ƙara haske fiye da kima yayin da na wani ɗakin ke dusashewa, mai yiwuwa wayar da ma'aikata ke kira nutural ce ta saki, ko a gidan ko a kan falwaya. Wannan na iya ƙona kayan gida har ya tayar da gobara. A kashe babban makunni a kira ma'aikacin wuta, a kuma sanar da ofishin NEDCo.

Gidajen da ke da janareta ko inbata su lura da lokacin sauya layi. Ɗan tsaikon da ake samu tsakanin wutar gari da ta janareta ya isa ya sa na'urori su sake tashi. Haka ita ma mita mai kati: tana yanke wuta idan kuɗi ya ƙare, wasu kuma suna yankewa idan an ɗora musu nauyin da ya wuce iyaka. Sannan akwai abin kariyar firji da ake kira firij-gad, da wasu sitabilaiza, waɗanda ke jinkirta wuta na 'yan mintoci bayan ta dawo. Wannan jinkiri aikinsu ne, an yi shi don kare injin firjin.

Filogi da nauyi da zafi

Soket ɗin bango a Ghana irin na Ingila ne, mai ƙafa uku masu faɗi. Kayan da ke shigowa ta Togo da Burkina Faso, misali daga kasuwar Cinkassé da ke kusa da Bawku, galibi masu ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa. Idan aka cusa su da ƙarfi ko aka sa su a adafta mai araha, ba sa kamawa sosai. Ɗan motsi kaɗan sai wuta ta katse ta dawo, kuma wurin yakan yi zafi. Mazauna Nijar da ke sayo kaya daga Najeriya ko Ghana suna gamuwa da irin wannan ta ɗaya ɓangaren. Kayan da aka aiko daga Amurka kuwa a karanta jikinsu tukuna, domin wutar can bolt 120 ce. In ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, kada a sa su.

Kowane soket yana da iyakar abin da zai ɗauka. Mai amfiya 10 a kan bolt 230 yana ɗaukar wat 2,300, mai amfiya 16 kuma wat 3,680. Injin jan ruwa mai ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne a lissafi, don haka sai a ga kamar babu damuwa. Sai dai a daidai lokacin tashi, inji yana jan wuta ninki biyar ko fiye na abin da yake ja idan ya daidaita. Wannan na sa soket mai kariya ya yanke, wanda ba shi da kariya kuma ƙarfen rilensa ya narke ya manne. Idan ya manne, manhaja za ta nuna an kashe alhali injin yana ta aiki. Masu rijiyar burtsatse su sa ma'aikaci ya haɗa musu kwantakta, ta yadda ƙaramin makunnin zai riƙa ba da umarni kawai, kwantaktar ta ɗauki nauyin injin.

Zafi ma yana da nasa. A watannin Maris da Afrilu zafin Upper East kan haura digiri 40, kuma na'urori da yawa iyakar da aka rubuta musu ke nan. Wanda aka rufe cikin akwatin ƙarfe a rana ko ƙarƙashin rufin kwano zai fi haka zafi. A mayar da shi inuwa inda iska ke shiga. Soket ɗin da ya tsufa ya fara ƙas-ƙas ba tsayawa, ko yana warin ƙonewa, ko jikinsa ya canza launi, a cire shi a daina amfani da shi.

Fitilar LED da ke ɗan haske ko walƙiya bayan an kashe ta wani abu ne daban. Yakan faru ne da makunnan bango na zamani waɗanda ba a haɗa musu nutural ba, domin suna barin 'yar wuta kaɗan ta bi ta cikin fitilar don su rayu. Ana magance shi da ƙaramar kafasita da ake haɗawa a jikin fitilar, wadda sau da yawa ke zuwa a cikin kwalin makunnin.

Jadawali da bambancin agogo

Idan abin yana faruwa a lokaci ɗaya kullum, a duba duk wuraren da ake ajiye umarni. Akwai jadawalin mako, akwai ƙidayar lokaci da ke kashe na'ura bayan wasu mintoci, akwai kuma tsarin da ke kwaikwayon cewa akwai mutane a gida ta hanyar kunna fitilu a lokuta daban-daban. Wanda ya haɗa na'urarsa da Alexa ko Google Home ya duba can ma, domin umarnin da aka goge a manhaja ɗaya na iya kasancewa a ɗayar. Alexa tana da wani tsari mai suna Hunches da ke iya kashe fitila da kansa idan ya ɗauka an yi barci ko an fita, matuƙar an ba shi izini.

Bambancin agogo ya fi shafar iyalan da ke warwatse a ƙasashe. Ghana da Togo da Burkina Faso suna kan agogon GMT, Najeriya da Nijar kuma suna gaba da awa ɗaya. Na'urori da yawa suna ɗaukar agogon wayar da aka fara haɗa su da ita. Idan a Kano ko Maraɗi aka saita soket ya kunnu ƙarfe 6:00 na yamma, aka kawo shi Bawku ba a sake saitawa ba, zai iya kunnuwa ƙarfe 5:00. Agogon Ingila yana daidai da na Ghana a lokacin sanyinsu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba yana gaba da awa ɗaya, na Jamus kuma da awa biyu. Na'urar da ta tsaya a kan agogon China tana gaba da awa takwas, wato ƙarfe 6:00 na yammanta shi ne 10:00 na safe a Yendi. Hanya mafi sauƙi ita ce a goge na'urar daga asusun a sake haɗa ta da wayar da ke gidan.

Jadawalin da aka ɗaura a kan faɗuwar rana yana buƙatar a sa wurin da gidan yake daidai a manhaja. Ko an sa daidai ma lokacin yana motsawa, domin a Zebilla faɗuwar ranar Nuwamba da ta Yuli sun bambanta da kusan awa guda.

Intanet

Yankewar intanet ita kaɗai ba ta cika kunna ko kashe na'ura ba. Abin da take yi shi ne hana umarni isowa, ko ta sa ya iso a makare. Jadawalin da ke ajiye a kwamfutocin kamfani ba zai yi aiki ba idan babu intanet, don haka fitilar da ya kamata ta mutu da asuba sai ta wuni a kunne. Wasu na'urorin suna riƙe jadawalinsu a ciki, amma idan wuta ta tafi ta dawo babu intanet, ba su da inda za su san ƙarfe nawa.

A gidaje da yawa intanet ɗin daga ƙaramar MiFi yake zuwa, mai layin MTN ko Telecel ko AT. A tabbatar data ba ta ƙare ba, kuma yawan na'urorin bai wuce abin da MiFi ɗin ke ɗauka ba, domin ƙanana da yawa ba sa wuce goma. Galibin waɗannan kaya suna aiki ne a zangon 2.4 GHz kaɗai, ba sa ganin 5 GHz. Katangar siminti mai kauri da ƙofar ƙarfe suna rage ƙarfin Wi-Fi. Bayan ɗaukewar wuta kuma soket yakan riga rauta tashi, ya nemi Wi-Fi bai samu ba. Ƙaramin batirin ajiya da ake haɗa wa rauta yana rage wannan matsala ƙwarai. A garuruwan bakin iyaka kamar Pusiga da Kulungugu, layin waya kan tsallaka ya kama na Togo ko Burkina Faso, sai data ta tsaya.

Wani lokaci matsalar ta fi ƙarfin gida. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, Ghana na cikin ƙasashen da suka yi kwanaki cikin wahalar intanet. Ranar 20 ga Oktoba 2025 kuma tangarɗar da aka samu a kwamfutocin Amazon a Amurka ta tsayar da Alexa da kyamarorin Ring na sa'o'i. A irin waɗannan ranaku kada a goge saitin na'ura, a yi amfani da maɓallin jikinta a jira.

Idon na'ura da rimot

Fitilar tsaro mai kama wa da kanta tana gane motsin abu mai ɗumi ne, ba ta bambanta mutum da dabba. Akuya ko kyanwa ko zabin da ke yawo a tsakar gida duk suna tayar da ita, haka ma iska mai zafi da ke kaɗa labule ko reshe. A lokacin tsananin zafi kuma takan kasa ganin mutum, saboda ɗumin jikinsa ya kusa daidai da na bangon da ke bayansa. A rage ƙarfin ganinta, a karkatar da ita daga hanya da garken dabbobi.

Fitilar da ke gane duhu tana ruɗewa idan ƙurar hunturu ta rufe idonta, sai ta kama da rana. Idan haskenta ko na fitilar maƙwabci yana komowa kan idon, za ta yi ta kamawa tana mutuwa duk dare. Shafe idon da tsumma da sauya masa fuska ya wadatar.

Makunnan da ke da ɗan rimot na rediyo, masu aiki a 433 MHz, suna iya amsa rimot ɗin maƙwabci idan iri ɗaya ne, musamman a gidajen haya da zangon da gidaje ke manne da juna. A goge rimot ɗin da na'urar ta haddace a sake koya mata na gidan. Talabijin da ke kunnuwa da kanta kuwa sau da yawa dikoda ce ke tayar da ita ta wayar HDMI, kuma ana iya kashe wannan a saiti. Wadda ke mutuwa bayan awa huɗu ba a taɓa rimot ba, tsarin tanadin wuta ne da ke zuwa da talabijin ɗin da aka yi don kasuwar Turai.

Wa ke da iko da asusun

A duba jerin mutanen da aka ba izinin sarrafa na'urar. Ɗan da ya sayo ta yana Kumasi ko Hamburg na iya dannawa bisa kuskure, ko jikoki su yi wasa da wayarsa. Yaron da ya zo ya haɗa kayan ma, idan da asusunsa ya haɗa, ikon na hannunsa har sai an cire. Kayan hannu da aka sayo a kasuwa na iya zama har yanzu a ɗaure da asusun mai su na farko, tare da jadawalinsa. A mayar da su yadda suka fito daga kamfani kafin a fara amfani da su.

Kutse daga ɓarayin intanet yana faruwa, ko da yake shi ne mafi ƙarancin dalili a cikin waɗanda aka lissafa. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci a duniya, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da kamfanoni ke sawa tun daga masana'anta. Saboda haka a canza kalmar sirrin rauta da ta kyamara, kada a yi amfani da lambar waya ko ranar haihuwa, a kuma riƙa sabunta manhaja. Wanda ya ga alamar an shiga asusunsa a Ghana yana iya kai rahoto ga hukumar tsaron intanet ta ƙasar, wato Cyber Security Authority.

Masu amfani da sola

Na'urar da ke kula da cajin batir tana yanke wuta da kanta idan batirin ya yi ƙasa, don kada ya lalace. Idan fitilu suna mutuwa da tsakar dare su dawo bayan fitowar rana, batirin ne ya tsufa ko bai cika ba. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu da gajimaren Agusta duk suna rage caji, don haka a riƙa wanke faifan. Sola da ake biya kaɗan-kaɗan ta wayar salula kuma tana kulle kanta idan wa'adin biya ya wuce.

Tsarin bincike a taƙaice

1. A duba tarihin na'urar a manhaja, a rubuta lokutan da abin ke faruwa.
2. A tambayi maƙwabta ko an ɗauke wuta a lokacin, a gyara halin da na'urar ke komawa idan wuta ta dawo.
3. A mayar da ita wani soket ɗin bango mai kyau ba tare da adafta ba, a sa mata fitila ɗaya kawai a gani.
4. A kashe duk jadawali a kowace manhaja na kwana biyu, sannan a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya.
5. A duba agogo da wurin da aka sa a manhaja.
6. A cire duk wanda ba a buƙata daga asusun, a canza kalmar sirri.
7. Idan duk wannan bai yi ba, a mayar da ita sabuwa a sake haɗawa. In ta ci gaba, ta lalace.

A riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya canza komai rana ɗaya ba zai san abin da ya gyara matsalar ba, kuma idan ta dawo sai ya sake farawa daga tushe.

Iyakar abin da mai gida zai yi da kansa

Duk aikin da ya kai ga buɗe makunnin bango ko akwatin fis na ma'aikaci ne. A Ghana, dokar haɗa wayoyin lantarki ta 2011 ta tanadi cewa wanda Hukumar Makamashi ta ba shaida ne zai yi wa gida wayarin, kuma mai gida na da damar neman ganin katinsa. Matsalar da ta shafi mita ko layin da ke shigowa gida ta NEDCo ce. Idan an kai ƙorafi ba a samu biyan buƙata ba, ana iya wucewa zuwa hukumar PURC da aka kafa a 1997 don sa ido kan kamfanonin wuta da ruwa. Takardar da aka rubuta ranaku da lokuta a kanta tana da amfani a nan. Masu karatu a Nijar za su tuntuɓi NIGELEC, na Burkina Faso SONABEL, na Togo kuma CEET.

Akwai kayan da bai dace a haɗa su da soket mai kunnuwa daga nesa ba ko kaɗan: dutsen guga, da rishon lantarki, da hitar da ake tsomawa cikin bokiti. Firjin da ake ajiye insulin ko allurar rigakafi ma ya fi aminci a haɗa shi da bango ta firij-gad kaɗai.

Mai shirin saye ya tambayi abu uku kafin ya biya: ko na'urar tana da maɓalli a jikinta, ko ana iya zaɓar halin da za ta koma bayan ɗaukewar wuta, da kuma ko tana aiki a cikin gida idan babu intanet. Kayan da ke amfani da Zigbee, ko tsarin Matter da manyan kamfanoni suka fitar a Oktoban 2022, an yi su ne su iya magana da juna a cikin gida, sai dai suna buƙatar wata na'ura ta tsakiya kuma sun fi tsada. A nemi mai ƙafafun da suka dace da soket ɗin ƙasar da ake zaune, a kuma gwada shi da fitila ɗaya na mako guda kafin a ɗora masa injin ruwa ko firji.